Ranar da Na Ɗaure Baba Valentin

A kwarinmu na Tirol, wanda ke son zama jagoran masu hawan dutse ba a zaunar da shi a aji ya rubuta jarrabawar ƙarshe. Idan ya gama koyon abin da ake koyo, sai a haɗa shi da baƙi na gaske, ya yi ta tafiya da su daga wannan masauki zuwa wancan har ya ƙetare da su Ƙofar Awaki, wata 'yar tsaga da ke can sama tsakanin kawunan duwatsu biyu. A wutsiyar ayarin kuma akwai tsohon jagora yana biye. Ba ya magana, ba ya nuna hanya, ko ɓata kuka yi ba zai yi gyaran murya ba. Abu ɗaya kawai yake yi: in ya ga ka gaza, sai ya tako a hankali ya wuce ka, ya shiga gaba. Ba wanda zai buɗe baki ya ce ka faɗi. Duk wanda ya hango ayari yana saukowa da tsoho a gaba ya riga ya gane, kuma kafin ka cire takalmi labari ya zagaye kwarin.

Ni Notburga, wadda kowa ke kira Burgi, na shiga wannan jarrabawa ina dab da shekara hamsin, bayan na ƙarar da ƙuruciyata a kicin ɗin masaukan dutse. Na dafa wa jagororin nan romo da curin burodi har na san wanda ke son albasa da wanda ke tsince ta. Su shigo da yamma su baje a kan benci suna zuba labarin inda suka hau, rabi gaskiya rabi ƙarya, ni kuwa ina leƙen duwatsun ta tagar wanke-wanke. Ranar hutuna nakan hau su ni kaɗai, ba tare da na yi wa kowa shela ba. Wata rana dai na ajiye ludayi na ce ni ma jagora zan zama. Dariyar da aka yi mini har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Wani ya ce in baƙi suka ji yunwa a sama sai in soya musu ƙanƙara. Na bar aikina, na yi karatun, na kuma san cewa a shekaruna ba wanda zai sake ba ni wata dama. In na faɗi, kicin zan koma in ci gaba da zuba wa masu dariyar abinci.

Da aka ce Baba Valentin ne zai biyo ni, gabana ya faɗi. Gajeren tsoho ne busasshe, ya haura saba'in, kuma tun da nake ban taɓa jin ya ce ya gaji ba, ko yana jin sanyi, ko wani wuri na masa ciwo. Mutanenmu na sama haka suke, sun ɗauki faɗin ciwo abin kunya, shi kuwa ya fi kowa wannan taurin kai. Na san maza biyu majiya ƙarfi da ya wuce su a kan hanyar nan. Ɗayansu don kunya ya tattara ya koma Innsbruck, yana can yana sayar da tayar mota. Baba Valentin ya san ni sarai, don shekara da shekaru a bakin ƙofar kicin ɗina yake cin abincinsa, a tsaye, wai zama na masu ciwo ne. "Uwar tukwane" yake kirana. Amma ranar da muka tashi ko kallona bai yi ba, ya saɓa jakarsa ya koma baya.

Baƙina ba su da yawa, biyu ne dai suka cika mini ido. Akwai Joost, wani zanƙalelen mutumin Holland, wanda a ƙasarsu tudun da ya fi kowane tsayi gada ce, amma Allah ya ba shi ƙafa da zumuɗi, kullum so yake ya riga rana isa. Akwai kuma Hannelore, tsohuwar malamar makaranta daga Bremen, mai tafiya a hankali tana ba kowa haƙuri, har dutsen da ta yi tuntuɓe da shi. Na sa ta dab da bayana, na ce da takunta kowa zai yi tafiya. Joost ya yi ta ƙunƙuni, wai a wannan tafiyar sai gemu ya fito masa kafin mu isa. Na kwashe burodi da cuku da ruwan ayarin duka na loda masa a jaka, na ce tunda ƙarfi ya yi masa yawa ga inda zai zuba shi. Ya kalle ni, ya kalli jakar, sai ya fashe da dariya. Ashe mutumin kirki ne, aiki ne kawai ya rasa.

Kwanakin farko sun tafi lafiya. Muka ratsa dajin itatuwa, muka wuce makiyayar shanu, itatuwa suka ƙare, ciyawa ta gajarce, aka shiga tsakuwa da ƙoramu masu sanyin da ke sa haƙori ciwo. Na ɗaure wa mutane ƙafafun da takalmi ya ci, na hana wata mata shan ruwan da tumaki suka ɓata, na juyar da ayarin baya sau ɗaya da na ga ƙorama ta cika. Duk lokacin da na waiwaya, tsohon na nan a baya, hula a kan goshi, fuskar nan ba yabo ba fallasa. Ban taɓa jin haushin shirun mutum kamar nasa ba.

Safiyar da za mu hau Ƙofar, na lura da abu guda. Ni da na shekara ina kallon yadda mutane ke cin abinci, idona ba ya wuce irin wannan. Baba Valentin ya zauna. Ya jawo benci ya zauna ya sha kofinsa, ya miƙe ƙafar hagu a ƙarƙashin tebur. Na ce a raina ko tsufa ne ya fara sallama, na ci gaba da duba igiyoyin takalman baƙina, don hankalina na kan sama. Mai masaukin ya ce hadari zai taso bayan rana ta karkata, kuma ba mai hankalin da zai so tsawa ta same shi a kan Ƙofar.

Hawan ya yi wuya yadda na zata. Hanyar ta riƙa lanƙwasa tana komawa, iska ta yi ƙaranci, surutu ya mutu, ba ka jin komai sai numfashi da ƙarar sanda a kan dutse. Hannelore takan yi ɗan taku ta tsaya, ta ce a yi haƙuri, in ce mata ta ajiye haƙurin nan ta yi numfashi da shi. Da na waiwaya sai na ga tazara ta buɗe tsakanin tsohon da sauran. Na rage sauri, tazarar ta ƙaru. Nan fa zuciyata ta tafasa. Na ɗauka gwada ni yake yi, yana so ya ga ko zan bar mutum a baya don tsoron hadari. Na ce a raina, tsohon nan da muguntarsa zai tsufa. Na riƙa ƙirƙiro dalilin tsayawa, in nuna musu wata fure, in ce a sha ruwa, har ya ɗan matso mu ci gaba.

Muka isa Ƙofar rana na tsaka. Iska na kaɗawa kamar za ta ɗauke mutum. Joost ya jefar da jaka ya yi ihu, sauran suka rungumi juna, Hannelore ta dafa tarin duwatsun da ke wurin ta yi ta kuka tana dariya, tana cewa ɗiyarta ta rantse ba za ta iya ba. Daga nan kana ganin ɗaya ɓangaren gaba ɗaya: gangare mai tsayi lulluɓe da tsohuwar ƙanƙara mai tauri, ƙasansa tsakuwa, can ƙasa kuma ɗan jan rufin masaukin Kajetan. Na san Kajetan, mai masaukin, yana tsaye a barandarsa da tabaron hangen nesa, don ranar jarrabawa ba ya aikin komai sai wannan, jagororin da suka sauka a wurinsa kuma suna kewaye da shi suna jiran labari.

Baba Valentin ya iso a ƙarshe. Fuskarsa ta yi fari fat, gumi na ɗiga daga gemunsa cikin wannan sanyi. Ya raɓe bayan wani dutse inda yake zaton ba mai ganinsa, ya zauna, ya kama gwiwar hagu da hannu biyu. Na bar baƙina suna cin cuku na je na tsuguna a gabansa. Ban nemi izini ba, na ɗage ƙafar wandonsa. Gwiwar ta kumbura ta yi sumtum. Ashe ba gwaji ba ne. Kunya ta kama ni, sannan haushi ya biyo baya, don na san ciwon nan ba yau ya fara ba, kuma gwiwar da ta sha wuya a hawa, a sauka take kashe mutum.

Na ce zan kira jirgin sama na ceto. Ya nuna mini yamma da haɓa, inda gajimare ya riga ya haɗe ya yi baƙi, ni ma na san da iskar nan ba jirgin da zai sauka kafin tsawa ta riske mu. A nan ne ya karya shirunsa.

"Tafi da mutanenki, uwar tukwane. Ni zan biyo a hankali. A baya nake, a baya za a gan ni. Me kuma kike nema?"

Na gane abin da yake miƙo mini. In na shiga gaba na sauka da baƙina, duk mai kallo daga ƙasa zai ga na ci. Ba zan ɓoye ba, na so in karɓa. Na hango kaina ina shiga masaukin Kajetan a gaban ayari, na hango fuskar mai maganar soya ƙanƙara. Sai na sake kallon gangaren. Mutum mai gwiwa ɗaya in ya zame a wurin nan, ba abin da zai tare shi sai duwatsun ƙasa.

Hanyar sauko da irinsa ɗaya ce, shi ya fi ni saninta. A ɗaura masa gajeriyar igiya a ƙugu, shi ya shiga gaba, mai riƙo ya tsaya a bayansa daga sama, don in ƙafa ta kuɓuce ya tsayar da shi. Daga barandar Kajetan kuwa ba a ganin igiya. Abin da za a gani kawai shi ne Baba Valentin a gaba, Burgi a baya. Kuma ban yaudari kaina ba: mutumin da ya yi shekara hamsin bai ce wa kowa wayyo ba, ba zai shiga cikin jama'a ya ce mai dafa abinci ce ta sauko da shi ba. Zai kwance igiyar kafin a iso, ya yi shiru kamar kullum, shirun kuma ya gama da ni.

Na ciro igiyar daga jakata.

"Ɗaga hannu, Baba."

"Kin san abin da za su gani daga ƙasa?"

"Na sani. Ɗaga hannu."

"Ke, yarinya, ni fa ba baƙonki ba ne."

"Tun ranar da muka tashi da kai nake ƙirga mutanena. Kana cikin ayarina, gurgu ne kai yau, kuma ni ce jagora har sai ka wuce ni da ƙafarka. In za ka iya, bismillah, tashi ka wuce."

Ya zuba mini ido har na fara tunanin zai kwaɗa mini sanda. Sai ya ɗaga hannuwansa, kamar yaron da za a sa wa riga. Na ɗaure shi, na ja ƙullin da ƙarfi fiye da yadda ake bukata, don har lokacin ina jin haushi. Na karɓe jakarsa na ba Joost, na ce shi ne a wutsiya, idonsa kada ya bar Hannelore. Na ce wa kowa ya sa ƙafa a inda na cire tawa, kada wanda ya kalli ƙasa. Ba wanda ya yi gardama, don sun ga fuskata.

Muka fara sauka. Tsohon yakan kafa sanda, ya sauke ƙafar lafiya, ya jawo mai ciwon, ni ina bayansa igiya a miƙe, dugadugaina a nutse cikin ƙanƙara. Ina jin nauyinsa a hannuna duk taku. Ina kuma jin idon Kajetan a kaina daga can ƙasa, na san yanzu an fara miƙa wa juna tabarau. Hawaye suka cika mini ido, na bar iska ta busar da su, don ba ni da hannun sharewa.

Mun wuce tsakiyar gangaren sai gwiwar ta lanƙwashe. Ban ga faɗuwarsa ba, fizgar kawai na ji. Na zube da baya na kafa dugadugai, igiyar ta ci tafin hannuna, muka ja tare kamar tsawon mutum guda, ƙanƙara na shiga mini ta wuya. Sannan muka tsaya. Hularsa ce kawai ta ci gaba, tana gangarawa tana tsalle har ta ɓace a cikin duwatsu. Duk muka bi ta da kallo. Hannuwan nan da suka shekara suna sauke tukunyar romon mutum sittin daga kan wuta, ranar na gode musu.

Ya daɗe a kwance yana haki. Da ya samu numfashi sai ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Hular nan ta fi ki shekaru." Na ce masa to ta huta, shi ma ya tashi mu tafi. Daga bayana na ji muryar Hannelore tana cewa a yi haƙuri, ita ma za ta iya ci gaba, sai dariya ta kuɓuce wa kowa, har da ni da hannuna ke zubar da jini.

Muka bar ƙanƙara muka shiga tsakuwa, muka bar tsakuwa muka taka ciyawa. Tsawa ta fara a bayanmu, daidai kan Ƙofar da muka baro. Na tsaya na ƙirga mutanena, na sake ƙirgawa, ba wanda ya ɓace, ba wanda ya karye. Wani daɗi ya cika mini ƙirji wanda ban taɓa jin irinsa ba, ga shi kuma gauraye da baƙin ciki, don na san na yi aikin daidai kuma na rasa shi.

Dab da masaukin akwai wani ƙaton dutse da hanya ke zagayawa, inda ba a ganin mutum daga baranda. A nan na tsayar da shi na kai hannu ga ƙullin, don in sauƙaƙa masa. Ya buge mini hannu. Ya ci gaba da ɗingishi, dole na bi shi da igiyar a hannu.

Kajetan ya taro mu a bakin ƙofa da fuskar ta'aziyya, ya riga ya shirya maganarsa. Ya fara cewa kada in damu, in dai kicin ne ko gobe yana da wuri, sai idonsa ya sauka a ƙugun tsohon, ya bi igiyar da kallo har hannuna. Baba Valentin ya ture shi ya shige, da takalminsa da taɓonsa, a gidan da ko limamin coci sai ya cire takalmi a zaure. Ɗakin cin abinci cike yake, jagorori da baƙinsu, an sauko an ɓuya daga hadari. Surutu ya ɗauke. Ya ja ƙafa har tsakiyar ɗakin, kansa ba hula, ya juya a hankali yadda kowa zai ga ƙullin, ya kuma ga wadda ke riƙe da ɗaya bakin. Sannan ya fuskance ni, ya yi magana yadda na can lungu ma zai ji.

"Jagora, a kwance ni, ko da sauran tafiya?"

Na ji Joost a bayana ya fara buga sanda a ƙasa, sauran baƙina suka kama, wasu daga cikin jagororin suka shiga bubbuga tebur. Na ga mai maganar soya ƙanƙara yana neman inda zai ajiye idonsa. Na bari sai da hayaniyar ta lafa, don na jira wannan lokaci da daɗewa, ba zan yi masa gaggawa ba.

Na ce, "Ba a kwance ka sai ka zauna. Ga benci nan, ka ɗora ƙafar a sama. Kajetan, kawo ƙanƙara a tsumma."

A gaban kowa, Baba Valentin ya zauna ya ɗora ƙafarsa inda na nuna masa.